Eliza Tiruma da Tseren da Ake Yi a Kwance

A ranar 13 ga Fabrairu 2014, a kan tsaunukan da ke bayan birnin Sochi na ƙasar Rasha, Latbiya ta ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta lokacin hunturu da ratar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ita ta kammala tserenta cikin minti 2 da daƙiƙa 47.295, Kanada kuma cikin minti 2 da daƙiƙa 47.395. Mutum huɗu suka haɗa ƙarfi suka samo wa Latbiya wannan lokaci, maza uku da mace ɗaya, kuma macen ce ta fara gangarowa: Eliza Tiruma, 'yar shekara 23, wadda wannan ne zuwanta Olamfik na farko. Bayan shekara takwas, a Beijing, Latbiya ta sake ɗaukar tagulla a irin wannan tsere. Duk mazan uku sababbi ne, Eliza kaɗai ta rage daga tawagar Sochi.

Sunan wasan luj. Ɗaya ne daga wasanni uku da ake yi a cikin doguwar hanyar ƙanƙara mai kwana-kwana wadda ake ginawa a jikin gangare. A ɗayansu mutum ɗaya, biyu ko huɗu ke zama cikin wani abin hawa mai rufi, a ɗayan kuma ɗan wasa yakan yi rubda ciki ya sa kansa gaba. A luj rigingine ake kwantawa, ƙafafu a gaba, kai a baya, a kan wani ƙaramin keken zamiya da ba shi da taya, ba shi da sitiyari, ba shi da birki. Nauyin keken mutum ɗaya tsakanin kilo 21 ne zuwa 25. Gudun da ake yi a kansa yakan wuce kilomita 120 a awa, a wasu hanyoyin ya haura 140. Saukowa ɗaya ba ta cika kai minti guda ba.

Wanda ya fara ganin wasan a talabijin zai ɗauka 'yar wasan ba ta aikin komai, ta dai kwanta ne gangare yana jan ta. Gaskiyar ita ce wannan rashin motsin da ido ke gani shi ne ƙololuwar gwaninta, kuma sai an shekara goma ko fiye ana koyo kafin a kai gare shi. Ba za a gane darajar abin da Eliza ta yi ba sai an bi saukowar daga sama har ƙasa.

A bakin tashi 'yar wasa a zaune take kan keke. Akwai mariƙi biyu na ƙarfe a kafe, ɗaya dama ɗaya hagu. Takan kama su, ta tura keken gaba ta dawo da shi baya sau biyu ko uku, sannan ta naɗe jikinta har ƙirji ya kusa taɓa gwiwa, ta fizgo kanta gaba da dukkan ƙarfin baya da kafaɗa. Da ta saki mariƙin sai ta shiga dukan ƙanƙara da tafukan hannu, sau uku ko huɗu, tana ƙara wa keken gudu. Safar hannunta na da 'yan ƙusoshi a kan yatsu, tsawonsu ba ya wuce milimita 5, su ke cizon ƙanƙarar. Daga nan ta kwanta. A duk tsawon tseren, waɗannan 'yan daƙiƙoƙi ne kaɗai inda ƙarfin jikinta ke ƙara wa keken gudu. Abin da ya rage duka aikin gangare ne, nata aikin shi ne kada ta ɓarnatar da gudun da ya ba ta. Masu horarwa kan ce ɗan lokacin da aka yi asara a tashi ba ya tsayawa yadda yake, ninkuwa yake yi kafin a isa ƙasa, domin keken da ya shiga kwanar farko a sanyaye haka zai ci gaba da bin bashi har ƙarshe. Shi ya sa 'yan luj ke ƙare watannin bazara a ɗakin ɗaga ƙarfe da wurin gwajin tashi, suna maimaita fizga ɗaya tak sau ba adadi.

To da me ake tuƙi? Keken yana tsaye kan dogayen ƙafafu biyu waɗanda gabansu ya lanƙwaso sama, a ƙarƙashin kowace an ɗaura siririn ƙarfe, kuma ƙarafan nan biyu ne kawai ke taɓa ƙanƙara. Ƙafafun 'yar wasa na rungume da lanƙwasassun goshin nan daga waje. In tana son zuwa hagu sai ta danna goshin dama da sha-raɓar ƙafarta ta dama, ta kuma danna kafaɗarta ta hagu a kan makwancin keken. Keken ba sandararre ba ne, an haɗa shi yadda zai ɗan murɗe, wannan murɗewar ce ke sa ƙarfe ɗaya ya ɗan riga ɗaya har hanya ta karkata. Akwai kuma 'yan mariƙai a ciki inda hannuwanta ke ɓoye, su ma ana gyara tafiya da su. Wani lokaci juya kai kaɗan ko sakin numfashi ya isa ya sauya layin da keke ke bi.

Matsalar ita ce duk tuƙi ci baya ne. Duk sa'ad da aka danna ƙarfe a kan ƙanƙara sai ya kankare ta, kankarewar kuma tana cin gudu. Don haka gwanar ita ce wadda ta san inda za ta taɓa keken sau ɗaya, a daidai lokacin, sannan ta ƙyale shi ya tafi. Wadda ta makara sai ta gyara da ƙarfi, gyaran ya jefa ta cikin kwana ta gaba a karkace, nan ma ta sake gyarawa. Kuskuren da aka ga ya kifar da keke a kwana ta goma sha uku sau da yawa a kwana ta goma sha ɗaya aka shuka shi.

Kwanonin su ne zuciyar wasan. Bangon kowace kwana ya lanƙwaso sama har ya fi tsayin mutum, kuma keke ba ya zama a ƙasa, hawa bangon yake yi, har a ga 'yar wasa a manne a gefe, kafaɗa ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. Abin da ke riƙe ta shi ne abin da ke hana ruwa zubewa idan yaro ya cika guga ya yi ta wulwula shi da igiya: gudun juyawa na danna ruwan a gindin guga. Haka gudu ke danna 'yar wasa a jikin bango, dannawar da kan kai ninki biyar na nauyin jikinta. Kan da ke sanye da hular kwano sai ya yi wa wuya nauyin da ba ya misaltuwa, shi ya sa da yawa ke ɗaura wata igiya daga hular zuwa jiki don kada ƙeya ta bugi ƙanƙara. A cikin doguwar kwana keke ba ya tafiya a miƙe, yana son ya hau ya sauko ya sake hawa. Aikin mai tuƙi ta daidaita wannan lilo yadda za ta fito daga kwanar a tsakiyar hanya. In ta fito da wuri ta daki bangon ciki, in ta makara keken ya faɗo daga sama ya kife.

Duk wannan kuma kusan a makance ake yin sa. Ɗaga kai don a ga hanya yana tare iska, iska kuma na cin lokaci, saboda haka ƙwararru kan kwantar da kai baya, su dogara da abin da gefen ido ya tsinkaya da abin da baya ke ji. Hanyar a ka take. Kafin tsere za ka ga 'yan wasa a tsaye ido rufe, suna karkata kafaɗu da ƙafafu, suna bin kwanonin ɗaya bayan ɗaya a zuci. Sai kuma abin da ya fi duka wuya, wato sakin jiki. Jikin da ya sandare don tsoro yakan mayar wa keke duk wata girgiza ta hanya, ƙarafan su yi ta tsalle suna zamewa. Jikin da ya saki shi ke shanye girgizar. Ana neman mutum ya kwanta lakwas alhali bangon ƙanƙara na wucewa ta gefen kunnensa da gudun motar da ke kan babban titi. A ganina babu abin da ake nema wurin ɗan wasa, a kowane irin wasa, da ya kai wannan saɓa wa ɗabi'ar ɗan Adam.

Tunda gangare ke jan kowa, mai nauyi ya fi marar nauyi riba. Dokar hukumar luj ta duniya, wadda aka kafa a 1957, ta yi ƙoƙarin rage wannan bambanci: macen da ba ta kai kilo 75 ba an yarda ta sa rigar ciki mai ɗauke da dalma, gwargwadon abin da ta gaza, amma kada ƙarin ya wuce kilo 10. Ana auna 'yar wasa, a auna keke, a auna tufafi. Ana kuma auna zafin ƙarafan kafin tashi, domin ƙarfe mai ɗumi ya fi santsi a kan ƙanƙara. Akwai wani ƙarfen gwaji da ake ratayewa a inuwa kusa da wurin tashi, kuma ba a yarda ƙarfen keke ya fi shi ɗumi da sama da digiri 5 ba. Wannan doka tana da tarihi. A Olamfik na 1968 a Grenoble ta Faransa an kori mata uku na Jamus ta Gabas, ciki har da Ortrun Enderlein da ke kan gaba, bisa zargin sun ɗumama ƙarafansu, zinaren ya koma hannun Erika Lechner ta Italiya. Jamus ta Gabas ta musanta, kuma har yau ana jayayya kan lamarin.

Gyaran ƙarafan nan sana'a ce mai zaman kanta, kowace ƙasa da sirrinta. Ana goge su da takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har su yi ƙyalli. Bakin da ya yi kaifi yana kama ƙanƙara, keke ya ji magana, amma yana rage gudu. Bakin da aka dakushe yana gudu, sai dai yana iya kwacewa a tsakiyar kwana. Ranar da sanyi ya tsananta ƙanƙara ta yi tauri ana bukatar kaifi, ranar da gari ya ɗan sassauta a rage. 'Yar wasa da makanikinta sukan zaɓa da safe, su zauna da zaɓinsu.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa ke raba na ɗaya da na biyu, shi ya sa ake auna lokacin luj har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A Sapporo a 1972, lokacin ana tsayawa a kashi ɗaya cikin ɗari, Italiya da Jamus ta Gabas sun yi kunnen doki a tseren mutum biyu, aka ba kowa zinare, daga nan aka ƙara wa agogon kaifi. A Nagano a 1998 Silke Kraushaar ta doke 'yar ƙasarsu Barbara Niedernhuber da kashi 2 cikin dubu na daƙiƙa, bayan kowacce ta sauko sau huɗu an tara lokutan. In ana gudun kilomita 120 a awa, wannan rata ba ta wuce santimita 7 ba.

Haɗarin kuma na gaske ne. A ranar 12 ga Fabrairu 2010, ranar buɗe Olamfik na Vancouver, Nodar Kumaritashvili ɗan ƙasar Jojiya mai shekara 21 ya kuɓuce a kwanar ƙarshe ta hanyar Whistler lokacin gwaji, ya fita daga hanyar ya bugi ginshiƙin ƙarfe, ya rasu. Hanyar da aka yi tseren Sochi a kanta an gina ta da wurare uku masu hawa don a karya gudu. Duk wanda ya shiga wasan a zamanin Eliza ya san wannan labari, da shi a ransa yake kwantar da kai baya.

Abin tambaya shi ne me ya haɗa Latbiya da wasan gangare. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a bakin tekun Baltik, mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, tudunta mafi tsawo mita 312 ne kacal. Wasan kuwa a tsaunukan Alps ya tashi. Tseren ƙasa da ƙasa na farko a Davos ta Suwizalan aka yi shi a 1883, kuma tun da luj ya shiga Olamfik a 1964 masu jin Jamusanci ke riƙe da shi. Amsar ta fara ne da wata mata 'yar garin Talsi, Vera Zozula. A lokacin Latbiya na cikin Tarayyar Sobiyet, kuma 'yan Latbiya ne ƙashin bayan tawagar luj ta tarayyar. Zozula ta zama zakarar duniya a 1978, sannan ta ci zinaren Olamfik a Lake Placid ta Amurka a 1980, inda wata 'yar Latbiyar, Ingrida Amantova, ta ɗauki tagulla. Har yau duk matan da suka ci zinaren Olamfik a tseren mace ɗaya 'yan Jamus ne, ko Ostiriya, ko yankin arewacin Italiya da ke magana da Jamusanci, in ban da Zozula. Tutar da aka ɗaga mata ta Sobiyet ce, amma a Latbiya kowa ya san 'yar gida ce.

Bayan shekara shida, a 1986, aka buɗe hanyar ƙanƙara ta zamani a Sigulda, wani ƙaramin gari mai nisan kimanin kilomita 50 daga Riga babban birnin ƙasar, inda kogin Gauja ya haƙa kwari mai zurfi. Da yake gangaren kwarin bai isa ba, sai aka gina dogon bene a bakinsa, wurin tashin maza yana can sama. Hanyar na da kwana 16. Kankare ce aka zuba, aka binne bututu a ciki, injin sanyi na tura sinadarin amoniya ta cikinsu, ma'aikata kuma na fesa ruwa sannu a hankali har ƙanƙara ta yi kauri, sannan su bi ta da hannu suna kankare tudu suna cike rami. Irin waɗannan hanyoyi ba su kai 20 ba a duniya baki ɗaya, huɗu daga ciki a Jamus suke. Kula da su na cin kuɗi sosai. Da Latbiya ta dawo da 'yancinta a 1991, cikin shekarun da aljihun gwamnati ya bushe, ba ta bar hanyar ta mutu ba, har ta karɓi gasar zakarun duniya a kanta a 2003 da 2015. A wurina wannan shawara ita ce tushen duk lambar da ta biyo baya.

Dalili kuwa a fili yake. Ba a koyon luj a littafi, ba a kuma koyonsa da girma. Yaro kan fara ne daga can ƙasan hanya, kwana uku ko huɗu kafin ƙarshe, inda gudu bai yi yawa ba. In ya iya, a hau da shi mataki na gaba. Shekaru ake yi kafin a kai shi wurin tashin manya. Ƙasar da ba ta da hanya sai ta kwashi yaranta zuwa ƙasar wasu, ta biya kuɗin kowace saukowa. Yaron Sigulda kuwa daga makaranta zai wuce. An haifi Eliza a wannan gari a watan Agusta 1990, shekara huɗu bayan buɗe hanyar, kuma yayarta Maija Tiruma ta riga ta shiga wasan, ta wakilci Latbiya a Olamfik na 2002 da 2006 da 2010. Gabansu duka akwai Anna Orlova, wadda ta je Olamfik sau shida a jere daga 1992 zuwa 2010, ta zo ta 7 a Turin a 2006. Orlova ce ta riƙe wa matan Latbiya wuri a shekarun da babu kuɗi babu kayan aiki. A Turin ɗin ne kuma Martins Rubenis ya ci tagulla a tseren maza, lambar farko da Latbiya ta samu da sunanta a Olamfik na hunturu. Rubenis mutum ne mai ƙera kekensa da hannunsa, ilimin da daga baya ya koma yana yi wa tawagar ƙasar hidima da shi.

Tseren da ya ba Eliza lambobinta shi ne na karɓa-karɓa, wanda ya shiga Olamfik a karon farko a Sochi. A wancan tsarin kowace ƙasa na kawo keke uku: mace ɗaya, namiji ɗaya, sai keken maza biyu inda ɗaya ke kwanciya a kan ɗaya. Mace ke farawa. A ƙarshen hanya akwai wani faifai da aka rataye a sama, dole ta tashi zaune tana cikin gudu ta buge shi da hannu. Bugun ne ke buɗe ƙofa a can sama inda namijin ke jira riƙe da mariƙi. Shi ma in ya iso ya buga, ƙofa ta buɗe wa mutum biyun, bugunsu ne ke tsayar da agogo. Agogon ba ya hutawa tun daga tashin macen.

Faifan nan ƙarami ne amma ya sha kassara manyan ƙasashe. In 'yar wasa ta tashi zaune da wuri, iska ta daki ƙirjinta ta cinye mata lokaci. In ta makara, ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta taɓa ba, ƙofa ba za ta buɗe ba, an soke tawagar gaba ɗaya. Ga shi kuma ta fito daga kwanar ƙarshe ke nan, jiki bai gama dawowa daga dannawar bango ba. Na sama ma yana cikin nasa gwajin, domin a tseren mutum ɗaya shi ke zaɓar lokacin da zai fizga, a nan kuwa ƙofa ke zaɓa masa. Wadda ta fara saukowa tana ɗauke da wani nauyi na daban: in ta kife, abokanta uku da suka yi shekara huɗu suna shiri ba za su ko taɓa ƙanƙara ba.

Akwai kuma wani lissafi da ke sa wannan tsere ya dace da ƙaramar ƙasa. A tseren mace ɗaya a Beijing Eliza ta zo ta 8. Duba waɗanda suka riga ta: Jamusawa uku, 'yan Ostiriya uku, 'yar Rasha ɗaya. A karɓa-karɓa kuwa kowace ƙasa mace ɗaya za ta kawo, saboda haka bakwai ɗin nan sun koma uku. Yawan gwanaye da Jamus ke taƙama da shi ba ya aiki a nan. Abin da ke aiki shi ne ƙasa ta samu keke uku da babu rago a cikinsu, kuma duka ukun su sauko ba kuskure a dare ɗaya. Ƙasashe da dama na da gwani a fanni ɗaya, su rasa a ɗayan. Latbiya, da hanyarta guda da 'yan tsirarun 'yan wasanta waɗanda suka san juna tun suna yara, ta daɗe tana iya cika gurabun uku.

A Sochi Eliza ce ƙarama. Ta zo ta 12 a tseren mace ɗaya, abokan tafiyarta kuwa manya ne: Rubenis mai shekara 35 a Olamfik ɗinsa na biyar kuma tserensa na ƙarshe, da 'yan'uwan nan biyu Andris da Juris Sics, waɗanda suka ci azurfa a Vancouver, suka kuma ci tagulla a Sochin kwana ɗaya kafin karɓa-karɓar. Abin da ake nema wurinta shi ne kada ta bar musu ramin da ba za su iya cikewa ba, kuma ba ta bari ba. Jamus ta ɗauki zinare, Rasha azurfa. A ƙarshen 2017 kwamitin Olamfik na duniya ya soke sakamakon 'yan Rasha biyu na wannan tawaga kan badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari, abin da zai mayar da tagullar Latbiya azurfa, amma a Fabrairu 2018 kotun sauraren ƙararrakin wasanni ta rushe hukuncin, lambobi suka tsaya yadda suke.

Olamfik na 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, inda ta fito da sunan Eliza Cauce, bai yi wa 'yan luj na Latbiya daɗi ba, ba su samo ko lamba ɗaya ba. A wannan lokaci ƙananan 'yan mata irin su Kendija Aparjode sun taso suna neman gurbinta, kuma gurbin karɓa-karɓa ba gado ba ne, wadda ta fi gudu a lokacin ita ake ba. Mace mai shekara kusan 30 da ba ta taɓa hawa mumbarin Olamfik ita kaɗai ba tana da dalilai da yawa na ajiye keke. Sai a tuna da wa take karawa. Matan Jamus sun taɓa cin tseren kofin duniya 105 a jere, daga 1997 har zuwa Fabrairu 2011 da Alex Gough ta Kanada ta katse su, kuma duk Olamfik ukun da Eliza ta je Natalie Geisenberger ce ta ci zinaren mace ɗaya. Zama cikin goman farko a irin wannan zamani, shekara bayan shekara, aiki ne da ba a cika yaba masa ba, ni kuwa ina ganin ya cancanci yabo.

Hanyar Yanqing da aka yi tseren Beijing a kanta doguwa ce, baƙuwa ga kusan kowa, da wata kwana mai zagaye cikakke, kuma kwanarta ta 13 ta kayar da manya. A nan Julia Taubitz ta Jamus, wadda ta fi kowa gudu a saukowar farko, ta kife a ta biyu. Eliza ta sauko sau huɗu lafiya, ta fi sauran matan Latbiya, gurbin ya zama nata. A ranar 10 ga Fabrairu 2022 ita ce babba, tana da shekara 31. Kristers Aparjods, wanda ya zo na 5 a tseren maza, an haife shi a 1998. Martins Bots da Roberts Plume, waɗanda suka zo na 4 a tseren mutum biyu har suka sha gaban 'yan'uwan Sics, ba su kai shi shekaru ba. Babu ko ɗaya cikinsu da ya samu lamba shi kaɗai. Da suka haɗu sai suka zo na uku bayan Jamus da Ostiriya, kuma wannan tagulla ita ce lamba ɗaya tilo da Latbiya ta koma gida da ita daga Beijing a dukkan wasanni.

Tsarin wasan ya sauya bayan nan. An buɗe wa mata tseren mutum biyu, ya shiga Olamfik a 2026, karɓa-karɓa ta koma keke huɗu, wato kowace ƙasa na bukatar mata uku a maimakon ɗaya. Ga ƙasa mai ƙarancin jama'a wannan ƙarin nauyi ne, domin dole Sigulda ta riƙa fitar da 'yan mata fiye da da. A tseren mace ɗaya na 2026 a Cortina ta Italiya, Taubitz ta samu zinaren da ya kuɓuce mata a Beijing, azurfa kuma ta tafi hannun Elina Bota ta Latbiya, wadda ta kasance ƙarama a tawagar matan da Eliza ta jagoranta a Beijing. Rabon da wata 'yar Latbiya ta hau wannan mumbari ita kaɗai tun Zozula da Amantova, shekara 46 kafin nan.